Birkin da Maikano ya ƙera

Maikano direba ne tun gemu bai fito masa ba. Layinsa Konni zuwa Dogarawa, da wata tsohuwar mota mai kwasar mutane da buhunan wake da awaki, kowa ya matsa wa kowa. Mutum ne mai sanyin tuƙi, har abokansa na tasha suna tsokanarsa wai amalanken jaki kan wuce shi. Sai ga shi wata rana da damina motar ta ƙwace masa, ta kife a gonar gero. Ba wanda ya mutu, amma wata tsohuwa ta karye a ƙugu, ba ta sake takawa ba.

Daga ranar ƙafarsa ta dama ta yi masa tawaye. Da ya zauna a kujerar direba sai ta hau rawa kamar ta mai zazzaɓi. A gida ga matarsa Nasiba da yara, ga rumbu ya yi ƙasa. Tuƙi kaɗai bawan Allah ya iya, tuƙin kuma ya ƙi shi. Abin ya dame shi har ya rame.

Ƙanen Nasiba, Junaidu mai gyaran waya, ya ajiye wasan tseren motoci na kwamfuta a shagonsa, da sitiyari da birkin roba.

"Yaya, zo ka gwada nan, ko zucciyakka ta komo," in ji shi.

Maikano ya taka sau ɗaya ya yi tsaki. "Wanga ba birki ba ne, soso ne. Birki na gaske shina maido maka magana."

Sai ya tafi wurin masu fasa tsofaffin motoci, ya samo fedar birki, wato ƙarfen da ake takawa, da ƙaramin injin nan mai juya abin goge gilashi. Ya ɗaure su a kan katako da ƙarfen tsohon gado. Junaidu ya haɗa masa da kwamfuta, yadda idan taya ta zame a allo injin zai tunkuɗo fedar. Gwajin farko ta doke shi a ƙwauri, ya kwana biyu yana ɗingishi. Na biyu injin ya yi hayaƙi, shagon ya cika da ƙauri. Bai bari ba, don kafiya kam Allah ya hore masa.

Da abin ya daidaita, sai ya riƙa cire takalmi ya taka da tafin ƙafa, yadda ya saba a mota. Fedar tana turo shi, yana tura ta. A hankali rawar ƙafa ta tafi. Ya koyi shiga kwana a guje, ya jinkirta birki sai ya ga bango. In ya kife ma ba komai, ya danna wani maɓalli a gefen sitiyari, mota ta dawo sabuwa fil. Har dariya yake yi.

Alhaji Chindo mai motocin haya ya ji labarin ya warke, ya miƙa masa mabuɗi. Ranar kasuwa Maikano ya cika mota da mata da kayansu, ya kama hanya da murna. A wata kwana ya shiga yadda ya saba a allo. Bayan motar ya zame, kwanuka suka zube, mata suka ɗauki salati. Ya dai kamo ta, Allah ya kiyaye.

Amma abin da ya tayar masa da hankali daban ne. Zuciyarsa ko gezau ba ta yi ba, kuma sai ya ga yatsansa yana lalubar maɓallin nan na wasa a gefen sitiyari. Ya gangara gefen titi ya kashe mota.

"Malam direba, lahiya? Mi ya hwaru?" in ji wata dattijuwa mai rungume da jikarta.

"Inna, ku yi haƙuri, ku ɗan jira."

Ya sauka ba takalmi, ya kira mai motar a waya.

"Alhaji, aiko wani direba. Ni yanzu ba ni jin tsoro. Don Allah kak ka sake ba ni mutane."