Gayyar Jinin da Na Kai Asibiti

Likita ya ɗago kai ya ga ƙarti a bayana, kowa ya naɗe hannun riga. Ya ce, "Malam Sale, waɗannan fa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙannena ne masu ba da jini. Daga Roni na kwaso su."

Ku fahimce ni, jama'a. Gwiwata ta daɗe da hana ni sujada, a kan kujera nake salla kamar mai jiran shayi. Da aka ce da jini za a yi min magani, ni da bokona bai wuce firamare ba, sai na yi gayya. Tun a Kazaure na ɗura musu madara da tsiren hanta, don jinin ya yi kauri.

Likita ya yi dariya ya ce, "Baba, naka za mu ɗiba. Mu juya shi a na'ura, mu ware ƙwayoyin da ke gyaran rauni, mu mayar maka a gwiwar."

Ƙanena Ilu ya sauke hannun riga ya ce, "To Yaya, hantar dai ba ta dawowa."

A gida kuma uwar yarana ta ce, "Ashe jininka ma halinka ya ɗauko, sai an juya shi yake aiki."

Jiya da La'asar na kai goshina ƙasa. Da ƙyar, amma na kai, kuma na daɗe ban ɗago ba.

Har Babura na je neman magani, ashe da shi nake yawo a jikina. Wa aka taɓa yi wa irin wannan? Ku faɗa min, dariya kam Ilu ya riga ku.