Malam Bamalli, Tafintan da Ya Ƙi Kiran Baƙi Aljanu

Kullum da hantsi, bayan motocin Abuja sun kwashe ma'aikata, Malam Bamalli yakan buɗe ɗan shagonsa a Wambai, ya kurɓi ruwan citta, ya zauna ara wa mutanen China bakin Hausa. Shekara goma sha bakwai ke nan yana fassara fina-finansu daga Turancin da ke rubuce a ƙasan hoto. Da farko fina-finan faɗa ne. Daga baya aka shiga kawo ƙagaggun labaran kimiyya, masu jiragen da ke ratsa taurari. Direbobin Madalla suka cika wayoyinsu da su, matan Iku na gardama a kansu a wurin niƙa. Muryarsa kowa ya sani, sunansa kuwa bai taɓa fitowa a allo ba.

Bara aka kawo wani fim na wasu halittu da ruwan duniyarsu ya ƙafe, suka sauko tamu neman wurin zama. Tafinta mai son zaman lafiya zai ce aljanu ne, ya wuce. Bamalli ya yi kwana uku yana juya maganar, sannan ya kira su "baƙi".

A garin da ɗakunan haya suka cika da baƙi, kalmar ta yi nauyi. Mai unguwa Sama'ila ya kira shi zaure, ya ce masu gidaje na ƙorafin ana yi musu habaici: ko ya canza kalmar, ko a rufe shagon.

"Ranka ya daɗe," in ji Bamalli, "aljani ba ya sallama. Waɗannan kuwa sun tsaya a ƙofa sai da aka ce su shigo."

"To, 'yan wace jiha ne?" in ji mai unguwa.

Ugomma mai garin rogo, wadda ta zo shaida ba da gayyata ba, ta ce, "Baba, ni ma haka kuka tambaye ni shekara ashirin da suka wuce. Har yau ban gama amsawa ba."

Mai unguwa ya ce ba zai yanke hukunci ba sai ya gani da idonsa. Ya kalla har ƙarshe. Hukuncin da ya fito shi ne a kawo masa kashi na biyu.

Yanzu likita ya ce maƙogwaronsa ya gaji, ƙarshen wata Bamalli zai ajiye aiki. An sha yi wa manya liyafar ban kwana bayan shekara talatin suna sa hannu a takardun da ba su karanta ba. Shi ba wanda ya shirya masa ko shayi.

Kai ne, Malam, tafintan da bai taɓa taka China ba, amma ka gane cewa fargabar mai gida da ta mai neman masauki iri ɗaya ce a can da nan. Mun gode, Allah ya ba maƙogwaro lafiya. Duk wanda aikinsa ya rataya a kan kalma, akawu ne ko alƙali, ya yi koyi da kai: ya zaɓi wadda zai iya tsayawa a kanta ranar da aka ce za a rufe masa ƙofa.