Layukan Kawu Clement

Kawuna Clement Noskiye bai wuce aji huɗu a makaranta ba, amma a duk yankinmu na arewacin Alberta babu direban katafila da ya kai shi miƙe layi. Yana da shekara ashirin da biyu masu neman mai suka ɗauke shi. Aikinsa shi ne ya kutsa kurmi lokacin da fadama ta daskare, ya share hanya siririya domin masu awo su bi da na'urorinsu. Shekara goma sha tara yana wannan aiki. In ka hau tudun bayan ƙauyenmu, har yau za ka ga layukansa, kamar an tsaga kai za a yi kitso.

Da naman karibu ya girma, da fatarsu kakata take ɗinka mana takalma. Dabba ce mai gudun mutane, ƙahonta kamar reshen itace, ba ta zama sai can tsakiyar tsohuwar fadama inda gansakukar da take ci ta rufe ƙasa da rassa. Kofatonta faffaɗa ne, tana ratsa inda kyarkeci zai nutse har ciki. Abin da ya tsare ta ke nan tun kaka da kakanni.

Wata safiya Kawu ya ga sawun kyarketai bakwai a kan layin da ya share bara. Ya sauka ya bi a ƙafa. Ba su kauce ko sau ɗaya ba, har tsakiyar fadama, inda ya tarar da abin da ya rage na wata karibu mai ciki.

Da ya dawo gida, matarsa Delima na gasa gurasa. A tsaye ya ba ta labari, ko hula bai cire ba.

"To ai kai ka yi musu titi," in ji ta. "Saura ka sa musu fitila."

"Ba wasa nake ba, Delima."

"Ni ma ba wasa nake ba. Zauna ka ci."

Bai sake hawa katafila ba. Ya koma kamun kifi da sharar makaranta. Bayan wasu shekaru dattawanmu suka taru suka hana farautar karibu, amma hakan bai tsayar da komai ba. Sabon toho ya fito a gefen layukan, barewa ta biyo tohon, kyarketai suka biyo barewa suka ƙaru. Duk bazara a haifi 'ya'yan karibu, kafin kaka babu su.

Yana da shekara sittin da shida aka kawo shirin toshe layukan, shi ne ya fara ba da sunansa. Amininsa Ambrose ya tare shi a bakin kanti.

"Kai dai Clement ka iya zaman duniya. Sun biya ka ka buɗe, yanzu za su biya ka ka rufe."

"Kai me aka taɓa biyan ka ka yi, ban da surutu?"

"Tsufa fa ya zo. In ka faɗa cikin taɓo ba ni zan ciro ka ba."

Aikin wahala ne. A tara ƙasa tudu-tudu, a dasa itace, a kayar da busassun bishiyoyi su gicciye hanya. Ba ya buƙatar taswira, ya san kowane layi da shekarar da ya sare shi. Shekara shida suna yi, suka toshe kilomita talatin da ɗaya. Na taɓa tambayarsa nawa ya share a zamaninsa. Ya ce ya daina lissafi tun da ya wuce dubu biyu.

Itacen fadama ba ya sauri. Wanda ya dasa a shekarar farko ko gwiwata bai kai ba lokacin da gobarar daji ta ci gabashin fadamar, ta haɗa da rabin dashensu. Gansakuka kuwa, in ta ƙone, sai jikokin jikoki za su ga dawowarta.

Akwai wata mai binciken namun daji, Joanne, da ke zagaya garken karibun fadamarmu da jirgi mai saukar ungulu duk ƙarshen sanyi. A gidan Kawu take fara tsayawa in ta sauko. Shekarar da ta fara zuwa arba'in da ɗaya ta gani. Bana ni na buɗe mata ƙofa, domin tun rasuwar Delima ni nake kula da shi, ƙafafunsa sun daina ɗaukarsa. Ta zauna tana juya kofin shayi a hannu.

"Faɗi mana, 'yar nan," in ji shi.

"Biyar, dattijo."

"Akwai namiji?"

"Ban gani ba. Na zagaya sau uku."

Ya gyaɗa kai. Ta ce ana maganar kama su a kai su wani garke a kudu, in an samu izini. Ta kuma ce kamfanin katako ya nemi sabuwar hanya ta yammacin fadamar, wajen da wuta ba ta taɓa ba.

"Za su ba su?" ya tambaye ta.

"Da wuya su hana."

Bayan ta tafi ya sa na juya masa kujera wajen murhu. Ya ce in an zo neman masu dashe a watan gobe, in ce musu su kai dashen wani wuri, na nan ya makara.