Kular da Ba a Buɗewa a Rana

A tashar motar Sakkwato wata mata mai tabarau tana rungume da ƙaramar kula, ta lulluɓe ta da hijabinta. Ita tana gumi, kular tana shan inuwa. Ni da ke tsaye kusa da ita, waige-waigenta bai kwanta mini ba. Anya ba ƙwaya take safara ba?

Direba ya miƙa hannu. "Mi ke ciki, Hajiya? Buɗe mu gani."

"Ba cikin rana ba," in ji ta. "Rinin gwajin jini ne. Shina manne ma sojojin jiki da ke cikin jini su yi ƙyalli, na'ura ta ƙirga su. Haske na kashe shi, ga marasa lafiya na jira."

Har yanzu ban yarda da ita ba. Amma na gyara tsayuwa, inuwata ta rufe kular.