Tafin Hannun Alhaji a Kan Ƙafar Tirela

Ardwick, bayan asuba

Ranar Talata, ƙarfe biyar da kwata, muna idar da sallah, ɗana Iddirisu ya jawo tirelar daga bayan gida ya ɗaura ta a gindin motarsa. Ku da kuke Kumasi ba ku taɓa ganinta ba. Ɗan ɗaki ne a kan ƙafa biyu, gado biyu a ciki, risho ɗaya, taga ɗaya. Marigayi Alhaji, maigidana, shi ya ƙera ta da hannunsa. Labulen tagar kuwa ƙawata Ramatu ce ta ɗinka. Tun da aka kai Alhaji makwancinsa, shekara uku ke nan, tirelar ba ta motsa ba.

Ramatun ce ta tashe mu. Lungu ɗaya muka taso a zango, nan ƙasar ma tare muka tsufa, ita a Birmingham, ni a Manchester. 'Yarta Zuwaira ta bugo waya ta ce, “Mma, likitoci sun ce saura kwanaki. Sunanki take kira, Asabe, Asabe. Wai ki zo mata da ɗakin nan, ta leƙa shi ta tagar asibiti.”

Iddirisu ya ce, “Mma, mu hau jirgin ƙasa, awa ɗaya da rabi muna can. Tayoyin nan duk sun tsattsage. Tun bara na sayi sababbi da boris na cibiyar ƙafa, kika hana ni sawa.”

Na ce, “Duk inda muka tsaya a hanya, ubanka sai ya durƙusa, ya ɗora tafinsa a cibiyar kowace ƙafa, ya yi shiru. Addu'ar shekara goma ce a kan ƙarfen nan. Ba mai kwance ta ina raye.”

Ya tayar da mota.

Kan babbar hanyar M6

Mil tamanin da 'yan kai ne tsakaninmu da Birmingham, in ji Iddirisu. Ƙarfe shida da rabi muka tsaya a services, wurin hutun matafiya, kusa da Sandbach. Muka sha shayin cikin fulas da burodi, don na wurin fam uku ne kofi ɗaya, kuma ruwa ne tsararo. Na ga tirela tsaye lafiya lau, raina ya yi fari. Ko kusa da ƙafarta ban je ba. Me zan ƙara a kan addu'ar Alhaji?

Muna komawa hanya, ba a jima ba, sai wani kuka ya taso daga baya, kamar injin markaɗe in ya yi karo da tsakuwa. Sai warin ƙuna. Wani mai babbar mota ya jero da mu yana danna oda, yana nuna bayanmu da yatsa. Iddirisu ya ce, “Innalillahi, hayaƙi!” Ya gangara gefe. Ƙarfe bakwai da minti goma.

Ƙafar hagu ta karkace, tana huci. Muka haye bayan shingen ƙarfe muka tsaya a cikin ciyawa, iska na dukanmu, har wajen ƙarfe tara, kafin motar ɗauka ta zo.

Gareji kusa da Stoke

Bakaniken wani dattijon Bature ne, hannunsa baƙi ƙirin da giris. Ya kwance ƙafar, ya zubo boris a tafinsa. 'Ya'yan ƙarfen nan sun dagargaje, sun yi shuɗi don zafi. Ya yi magana, Iddirisu ya fassara mini: giris ya bushe tuntuni, tayoyin kuma sun ruɓe a tsaye. Borisan da ɗana ya saya suna gida, a ƙarƙashin bene, inda na sa ya ajiye. Sai an aiko da wasu, awa biyu.

Iddirisu ya ce, “Mma, mu bar ta nan, mu wuce da mota. Awa ɗaya kacal.”

Na ce, “Ɗakin ta ce in kawo. In je mata hannu rabbana?”

Wannan shi ne karo na biyu da na ƙi jin maganarsa. Ku riƙe shi, ni ma ina riƙe da shi.

Awa biyu ta zama huɗu. Da kayan suka iso, dattijon ya cusa giris a cikin sababbin boris da babban yatsansa, ya ɗaura tayoyi masu kauri da suka fi na da ɗaukar nauyi, ya juya ƙafa, ta yi ta juyawa shiru. Daga nan sai ya yafito ni. Ya durƙusa. Ya ɗora tafinsa a cibiyar ƙafar, ya yi shiru.

Na ce, “Iddi, shi ma addu'a yake yi?”

Iddirisu ya sunkuyar da kai. “Ya ce duk inda kika tsaya, ki taɓa nan. In da ɗumi kaɗan, lafiya. In ya ƙona hannu, kada a ƙara taku ɗaya. Ya ce wanda ya ƙera tirelar nan ya san aikinsa.”

“Ka sani tun da safe?”

“Na yi zato, Mma. Ban iya faɗa miki ba.”

Ashe shekara goma zafin ƙarfen Alhaji yake dubawa. Ina tsaye a bayansa ina cewa amin a zuci, ban taɓa tambayarsa ba. Da na ɗora hannu a Sandbach, da ƙarfen ya gaya mini.

Ƙarfe biyu saura minti ashirin, ana ɗaure notin ƙarshe, wayar Iddirisu ta yi ƙara. Da na ga ya cire hularsa, ban tambaya ba, na san Ramatu ta cika.

Edgbaston, Birmingham

Mun isa bayan la'asar. Zuwaira ta tarye mu a ƙofar asibiti, ta rungume ni. Ta ce tun hantsi uwarta ta sa aka juya mata gado wajen taga. Duk motar da ta shigo sai ta ce, “Ita ce?” Da azahar ta kusa ta ce, “Bar ta, Asabe ba ta taɓa zuwa ko'ina a kan lokaci ba.” Har ta yi 'yar dariya, in ji Zuwaira.

Kwana uku muka yi. Tirelar na ajiye a harabar gidan Zuwaira, a ciki nake kwana, ƙarƙashin labulen Ramatu. Ni na yi mata wanka, ni da wasu mata biyu na masallacinsu. Abin da na samu ke nan.

Komawa

Ranar Juma'a da hantsi muka juyo. A services kusa da Stafford na ce a tsaya. Na sauka da sandata, na durƙusa da ƙyar, na ɗora tafina a ƙafar dama, sannan ta hagu. Ɗumi kaɗan, kamar goshin mai lafiya. Tunda na riga na durƙusa, sai na yi wa Alhaji da Ramatu addu'a a wurin.

Ƙarfe ɗaya saura kwata muka shiga Ardwick. Na gode wa Allah da ya dawo da mu. Na gode wa dattijon garejin da ban san sunansa ba, da Zuwaira da ba ta tambaye ni me ya tsayar da mu ba. Iddirisu kuwa na ce masa, “Gobe in ka ga zan yi wauta, ka faɗa mini, ko ina fushi.”

Ya ce, “To, Mma.”

Ramatu, na kawo ɗakin.