Na Ɗaga Shi Kafin A Busa Usur

Edita, ina roƙon a ba ni fili in sauke wani abu da ya daɗe yana ci mini rai.

A ƙarshen shekarun tamanin ina ɗalibi a wata kwaleji a Landan, saurayi mai kaifin baki da ji da kai. Kakana ɗan kokawa ne a ƙauyenmu, shi ya sa nake ganin ba mai koya mini kokawa, alhali ko akuya ban taɓa kayarwa ba. Ɗaki ɗaya muke haya a unguwar Whitechapel da wani Bahaushen Gana, ƙaƙƙarfa, mai shiru-shiru, wanda yake yi wa kwalejinmu kokawa. Mahaifinsa tura gadon marasa lafiya yake yi a asibiti. Abokin nawa ke dafa mana abinci, bai taɓa kirana da komai ba sai ɗan'uwa.

Duk shekara mukan kara da wata kwaleji ta tsallaken kogi, kuma sun daɗe suna ba mu kashi. Wannan ce shekarar abokina ta ƙarshe, ga shi an ce masu zaɓen 'yan wasa don gasar ƙasa za su zo kallo. A cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa ya so ya yi mini bayani cewa a nan faɗuwa ba ita ce ƙarshe ba, sai an danne duka kafaɗun mutum a katifa alƙali ya busa. Na katse shi, na ce ai jikan ɗan kokawa ba a yi masa karatu. Ya yi murmushi ya ƙyale ni.

Zauren ya cika, mahaifinsa ya ɗauki hutun aiki yana zaune kusa da ni cikin babbar riga. Aka zo karon ƙarshe ana kunnen doki, abokina ya shiga. Ba a jima ba ya sunkuci Baturen da aka haɗa su ya nana shi da ƙasa. A garinmu magana ta ƙare ke nan. Ban san lokacin da na tsallake benci ba, sai ga ni a kan katifa ina yi masa kirari, na rungume shi ta baya na ɗaga sama, daidai lokacin da yake shirin danne kafaɗar. Tun ina tashi mahaifinsa ya kama rigata ya ce in zauna, amma na fizge. Alƙali ya tsayar da wasa, aka yi ta ka-ce-na-ce, daga ƙarshe aka ba wa abokin karawarsa nasara. Har yau ina jin dariyar mutanen tsallaken kogi a kunnena. Ba wanda ya zaɓi abokina.

Amma babban laifina ba wannan ba ne. Maimakon in ba shi haƙuri, sai na yi ta zagin alƙali da dokar Turawa. Da kunya ta ishe ni, na kwashe kayana yana aji, na bar ɗakin ba sallama.

Bayan shekara takwas muka yi kiciɓis ranar Idi a masallacin Regent's Park. Na so in ɓuya, ya riga ya gan ni. Ya riƙe hannuna, ya ce wa matarsa ga ɗan'uwan nan, mutum ɗaya tak da ya taɓa ɗaga shi sama a Landan. Ya ce kokawar bai daɗe yana jin zafinta ba, abin da ya dame shi dawowa da ya yi ya tarar da gadona babu kowa. Hawaye kawai nake yi.

'Yan'uwa, in mai abu yana yi muku bayanin abinsa, ku rufe baki ku saurara. In kuma kun yi ɓarna, ku tsaya ku ce a yafe muku. Ni na ɗauka nasarar kokawa kawai na jawo masa asararta, ashe har aboki na raba shi da shi.