Lalla Hadda, Mai Gyaran Kifi da Ta Fi Ni Ido

Da an sallame Asuba, Lalla Hadda tana kan dutsenta a tashar masunta ta Sawira, da wuƙa da bokiti. Shekara talatin da huɗu tana farke kifi tana jefa wa tsuntsaye kayan ciki. Tsuntsayen teku ne da muke kira nawras, masu haɗama da ihu, waɗanda in sanyi ya shigo sukan sauko daga arewa su cika tashar dubbai. A makon nan za ta ajiye wuƙa, don yatsunta sun daina lanƙwasuwa. Ni kuwa, gara in faɗa tun yanzu, na daɗe ina ƙyashinta.

Malamin kimiyya ne ni. Ina da madubin hangen nesa da na sayo a Rabat, da littattafan tsuntsaye har huɗu. Ita ba ta taɓa shiga aji ba. Amma sai in share awa biyu ina duba launin ƙafa da na baki, ita ta ɗago kai sau ɗaya ta ce na ukun nan daga bakin igiya baƙo ne. In na je na duba, haka ɗin ne. Si Lahsan mai kwale-kwale shaida ne cewa akwai wani tsuntsu mai zobe a ƙafa da ta gane shekara biyar a jere, tun yana sama bai sauka ba. Waɗanda ta cire wa ƙugiya a maƙogwaro kuwa, ba wanda ya ƙirga.

Wata safiya cikin Janairu, shekara tara da suka wuce, ta kira ni. "Ustaz, bar waɗancan. Dubi na bayan kwandon nan. Fikafikansa fari har ƙarshe, ba ɗigon baƙi. Kuma ba ya wawaso, sai an watse yake ci."

Na leƙa sama-sama na ce tsoho ne da rana ta koɗar. Ta yi murmushi ta ce, "To, kai ne mai littafi."

Na koma gida maganarta ta tsaya mini a rai. Bayan La'asar na dawo a sace na ɗauki hotonsa. Ashe ɗan ƙasashen ƙanƙara ne, irin da da wuya ya iso gaɓarmu. Na aika wa ƙungiyarmu ta masu kallon tsuntsaye rahoto, da sunana kaɗai. Mutane suka yi ta zuwa daga Kasablanka da Marrakish suna gaisawa da ni, ita tana taku biyu daga inda muke, tana ta jefa masa kayan ciki don kada ya tashi kafin baƙi su gan shi.

Da mujallar ƙungiya ta fito, Si Lahsan ya karanta mata rahoton a gabana da gangan, yana watsa mini harara. Ta goge wuƙarta a zane ta tambaya ko an rubuta cewa tsuntsun ya fi son hanta. Aka ce ba a rubuta ba. Ta ce, "Ashe ba su gama saninsa ba." Ta tsiyaya mini shayi ta koma kan kifinta. Da zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Lalla Hadda, ke ce idon tashar nan. Ke ce kika koya mini cewa tsuntsu yana da hali, ba gashi kaɗai ba. Na yi ƙyashin idonki, na dawo ina ƙyashin zuciyarki, don ita ma ba ni da irinta. A watan jiya na rubuta wa ƙungiya na faɗi gaskiya, sun kuma amsa cewa za su gyara. Da na kai miki labari, cewa kika yi in matsa, na tare miki ganin wani tsuntsu mai jar ƙafa.

Mun gode, Allah ya ba yatsun nan sauƙi. Ku kuma masu zuwa tasha da manyan na'urorin ɗaukar hoto, ku koyi tsayawa ku kalli abu har ku san shi kamar yadda ta yi. Ku gai da masu wuƙa da masu raga, ku tambaye su. In sun nuna muku, ku rubuta sunansu a ranar. Kada ku kai shekara tara irina.